A Kan Keke Daga Passau Zuwa Biyana, Ni da Abba

Lahadi, 22 ga Yuni, 2025, Munik

Na sayi keken. Na hannu ne, wani dattijo a unguwarmu ya sayar mini yuro 180 saboda ya koma mai batir. Giya 21 gare shi, da kariya a baya, da fitilar da ke kama wuta da kanta muddin taya na juyawa. Rabona da keke tun ina ɗalibi a Zariya, lokacin da ake aike na daga Tudun Wada zuwa Sabon Gari a kan Raleigh ɗin mahaifina. A wancan zamani babu mai ɗaukar keke abin shaƙatawa. Abin hawanka ne kafin Allah ya hore maka babur, ka sami babur kuma ka fara hangen mota. Da na gaya wa yayata a waya cewa hutun bana a kan keke zan yi shi, sai da ta yi jim, sannan ta ce, "Lafiya dai ko? In wani abu ne ya taɓa aikin, ka faɗa mana."

Aiki na nan ƙalau. A watan Maris likita ya duba sukarin jinina ya ce ko in fara motsa jiki ko ya rubuta magani. Wannan shi ne dalilin da nake ba mutane. Ɗayan ya fi nauyin faɗi. Babban ɗana ya gama sakandare, a watan Oktoba zai tafi karatu can arewacin Jamus, na zauna na yi lissafi na ga ni da shi ba mu taɓa hirar da ta kai minti goma ba. Ɗan fari ne, sunan mahaifina kuma ya ci, shi ya sa Abba muke ce masa. Ban taɓa kama sunansa na yanka ba sai a gaban ma'aikacin gwamnati. Haka aka tashe mu. Ƙannensa mata suna hawa kaina su sauka, shi kuwa daga "Ina kwana, Baba" sai "Sai da safe". A nan aka haife shi, Hausarsa ta madafa ce: ya san tuwo, ya san miya, ya san "rufe ƙofa".

Hanyar da muka zaɓa ita ce ta bakin kogin Danube, wanda masu shi ke kira Donau, daga Passau a kan iyakar Jamus zuwa Biyana, babban birnin Ostiriya. Kilomita wajen 320 ne ko fiye kaɗan, gwargwadon gefen kogin da mutum ya bi. Ruwa za mu bi, wato gangare, kuma iska a yankin yawanci daga yamma take busowa, za ta tura mu ta baya. Sharaɗi biyu muka yi. Nawa: muddin muna kan keke, Hausa zalla. Nasa: ba zan tambaye shi abin da zai yi bayan karatu ba. Burin shi ne mu tashi Asabar 12 ga Yuli, mu sami sallar Juma'a a Biyana ranar 18.

Asabar, 5 ga Yuli, Munik

Gwaji na uku a bakin kogin Isar, kilomita 38. Ƙafa ba ta manta ba, mazaunai ne suka manta. Abba ya sa na sayi wando mai soso a ciki, irin wanda ke manne wa jiki. Na saya, amma da sharaɗin in ɗora wani wandon a kai. Mai furfura ba zai shiga gari haka ba.

Ummansa ta haɗa mana dambun nama robobi biyu, da dabino, da ƙullin yaji. A can ƙasan jakata na naɗe kaftani biyu na shadda da hula biyu, nawa da nasa, don ranar Juma'a. Ya ga ina cusawa ya ce nauyi ne na banza. Na yi kamar ban ji ba.

Asabar, 12 ga Yuli, Schlögen

Jirgin ƙasa na safe ya sauke mu Passau kafin azahar. Garin a kan wani siririn tudu yake, inda koguna uku ke haɗuwa, kuma in ka tsaya a ƙarshen tudun za ka ga kowane da launinsa kafin su gauraya. Inn, da ya gangaro daga duwatsun Alps, kore ne mai haske kamar an zuba masa nono. Ilz ƙarami ne, baƙi-baƙi, daga daji ya fito. Danube kuwa, duk waƙar da ake masa ta shuɗi, ni ruwan ƙasa na gani. Tsohon arzikin garin gishiri ne. Ta Inn ake kawo shi a jirage, a sauke a nan, a ɗora wa dawaki su tsallaka duwatsu zuwa ƙasar Bohemiya, su dawo da hatsi. Na ce wa Abba haka ayarin raƙuma ke yi da gishirin Bilma, ya ce mene ne ayari. Kalmar farko ke nan da ya rubuta a wayarsa.

Abin da ya fi tsayar da ni shi ne bangon hasumiyar ofishin magajin gari, inda aka zana iyakar kowace babbar ambaliya da shekararta. Sai ka ɗaga kai sosai kafin ka ga na sama. Mafi tsawo na shekarar 1501 ne, ƙasa da shi kaɗan na Yunin 2013, lokacin da ruwa ya kai mita 12.89. Mutanen ba su bar wurin ba, shaguna na nan a gindin bangon ana sayar da kofi.

Ƙarfe ɗaya da rabi muka hau, ta gefen arewa. Hanyar keken asalinta turbar dawaki ce. Kafin zuwan jirgi mai inji, gangarawa da ruwa ba wuya, komawa sama ce aiki, sai a ɗaura wa jirgi igiya, jerin dawaki su ja shi daga bakin gaɓa. Shi ya sa take manne da ruwa, a miƙe, babu hawa. A bakin kogin akwai alluna masu manyan lambobi, na farko da na lura da shi dubu biyu da ɗari biyu da wani abu. Na ɗauka kuskure ne da na ga lambar na raguwa. Ashe Danube daga bakinsa ake ƙirga shi, can inda ya faɗa Bahar Aswad a ƙasar Romaniya, ba daga mafarinsa ba. Kowane allo na gaya maka abin da ya rage wa ruwan ne. Tsawonsa duka wajen kilomita 2,850, ya ratsa ƙasashe goma, a Turai Volga kaɗai ya fi shi.

Bayan madatsar Jochenstein, wadda Jamus da Ostiriya suka haɗu suka gina a shekarun 1950, muka tsallaka wani ɗan rafi da allo a gefensa. Shi ke nan, mun shiga wata ƙasa. Ba shinge, ba mai kaki, ba "me ka kawo mana". Ni da na san tsallaka iyaka a gida, sai da na waiga sau biyu.

A wani wuri da ake kira Au hanya ta ƙare a jikin dutse. Wani ƙaramin jirgin fito na katako ya kwashe mu da kekunan zuwa wancan gefe. Kilomita 41 yau. Hirar da muka yi: "Baba, ruwa." "Baba, dama." "Baba, ka canza giya." Wannan ta ƙarshen sai da ya yi dariya da kansa, don ya san ɗaya ma'anar kalmar.

Lahadi, 13 ga Yuli, Linz

Sallah a nan sai da shiri. Rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara, alfijir kuma tun kafin uku da rabi ya keto. Tafiyar ta kai ta kasaru, muna haɗa azahar da la'asar a duk inda muka sami ciyawa mai tsabta, mu shimfiɗa rigunan ruwa.

Da sassafe muka bar kekuna muka hau dutsen da ke bayan masauki, tafiyar rabin awa cikin daji. Daga sama ake ganin abin da ya sa Schlögen ya yi suna: kogin ya zo ya ci karo da dutsen da ya fi ƙarfinsa, ya juya baya sak kamar zai koma inda ya fito, ya zagaye wani tudu mai duhun itatuwa, sannan ya sake juyowa. Hazo na kwance a kan ruwan, wani dogon jirgin kaya na lallaɓawa a kwanar. Daga nan zuwa Aschach babu mota, babu gari, daga ruwa a hagu sai daji a dama, sai kukan tsuntsaye da ƙarar taya a kan kwalta.

Na manta yau Lahadi ce. A Ostiriya shagunan cefane rufe suke ruf. Dambun nama da dabino suka fisshe mu, da burodi biyu da Abba ya sako a aljihu daga karin safe.

Kusa da Wilhering tayata ta baya ta yi faci. Abba ya zaro sabon tub zai sa, na ce ajiye. Na kifa keken a kan sirdi, na zare tub ɗin, na hura masa iska, na bi shi da leɓe a hankali har na ji inda iska ke hurowa. Na tofa yawu a wurin, ya yi kumfa. Na goge da 'yar takardar yashi, na shafa sholisho, na jira ya sha iska har ya daina ƙyalli, sannan na manna facin na danne da gindin cokali. Kafin in mayar sai da na zagaya cikin tayar da yatsa, na ciro 'yar ƙaramar kwalbar da ta yi aikin. Yana tsugune yana kallo. Ya ce, "Wa ya koya ka?" Na ce "koya maka" ake cewa, kuma wani mai faci ne a gindin dalbejiya a Tudun Wada, wanda muke yi wa famfo kyauta don ya bar mu mu zagaya da keken haya. Ya tambayi mene ne keken haya. Wannan ta ɗauke mu har bakin fito.

Jirgin fiton Ottensheim ba inji ke tura shi ba. Igiyar ƙarfe aka ja daga gaɓa zuwa gaɓa, a karkatar da jirgin kaɗan, ƙarfin ruwa ya tura shi ya ƙetare, da motoci a kansa. Tun 1871 ake fito haka a wurin.

Linz garin masana'antar ƙarfe ne, na uku a girma a ƙasar. Dabarar narka ƙarfe da iskar oksijin da yawancin duniya ke amfani da ita yau a nan aka fara ta, a 1952. Masanin taurari Johannes Kepler ma ya zauna a garin shekara 14. Ni dai abin da na nema shagon Baturke, na samu, muka ci shinkafa da naman rago. Kilomita 56.

Litinin, 14 ga Yuli, Grein

Ban so tsayawa Mauthausen ba. Hutu na zo yi. Abba ne ya ce ba a wucewa, kuma yadda ya faɗa ya sa ban ja ba.

Daga bakin kogi hawa ne mai tsanani, na sauka na tura. A saman tudun, tsakiyar gonaki masu kyau, ga katangar dutse da hasumiyoyi. Sansanin gwale-gwale ne da 'yan Nazi suka buɗe a 1938, 'yan watanni bayan Hitler ya haɗe Ostiriya da Jamus. Dutsen wurin ya jawo su, irin wanda ake shimfiɗa titunan Biyana da shi. Daga lokacin zuwa 5 ga Mayu, 1945, da sojojin Amurka suka iso, mutane wajen 190,000 aka tsare a nan da rassansa, aƙalla 90,000 suka mutu: Yahudawa, fursunonin yaƙi na Tarayyar Sobiyet, 'yan Poland, 'yan Sifen da suka gudo daga mulkin kama-karyar Janar Franco, da wasu da yawa. Daga ramin fasa dutse zuwa sama matakala 186 ce. A jere ake sa su hawa, kowa da ƙaton dutse a baya, in na gaba ya faɗi ya kwashe na bayansa.

A makaranta an koya wa Abba wannan tarihi ciki da waje, ni kuwa sama-sama na sani. Ya fara yi mini bayani da Hausa, ya kai wani wuri kalmomi suka ƙare masa, ya tsaya yana lalube. Na ce ai ba a kan keke muke ba. Ya koma Jamusanci, ya yi magana kusan awa guda, ni ina bin sa a baya. Ban taɓa jin muryarsa ta yi tsawo haka ba. Daga katangar ana hango rufin gidajen manoma, kusa ƙwarai. Ya nuna su ya ce abin da ya fi damunsa ke nan.

Bayan nan fili ne shimfiɗaɗɗe, gonakin masara da gwoza mai sukari, da doguwar ganuwar ƙasa da aka yi bayan ambaliyar 2002. Mun yi tafiya mai nisa ba mai cewa uffan. Yana gaba ina baya. Can, ba tare da ya waigo ba, ya ce, "Baba, mai sunana, yana da faɗa?" Na ce yana da shi. Ya ce, "Ya taɓa duka ka?" Ban gyara masa ba. Na ba shi labarin ranar da na kai Raleigh ɗin bakin Galma da abokai na dawo ba ƙararrawa, da yadda tsohon bai ce mini komai ba har kwana uku, wanda ya fi bulala ciwo. Na lura da wani abu: da a falo ne, yana kallona ina kallonsa, ba zai tambaya ba, ni ma ba zan amsa ba. Ƙeyarsa nake yi wa magana, shi kuma hanya yake tambaya.

Mun iso Grein da yamma lis, kilomita 63. Gidan wasan kwaikwayon garin, na 1791, da aka yi a cikin tsohon rumbun hatsi, mun tarar a rufe. Matar gidan da muka sauka ta ce a cikinsa akwai makewayi da labule kawai ya raba da 'yan kallo, don kada mutum ya rasa wani ɓangare na wasa, da ɗakin kurkuku mai taga inda 'yan sarƙa ke leƙowa su yi kallo.

Talata, 15 ga Yuli, Melk

Ruwan sama tun safe. Wannan yanki, Strudengau, shi ne da can abin tsoron masu jirgi, saboda duwatsu da ruwa mai juyi. Arzikin Grein ma daga jagorancin jirage ta wurin ya samu. An fasa duwatsun, madatsar Ybbs-Persenbeug ta 1959 ta ƙarasa kwantar da ruwan, yanzu lumui yake kamar tafki.

Mun ɗan sami saɓani. Wasu tsofaffi takwas a kan kekuna masu batir suka wuce mu fuu, wata mai kusan shekarun uwata har da ɗaga mini hannu. Abba ya ƙara wuta, ya ɓace mini kusan rabin awa. Na same shi a ƙarƙashin wata gada yana danna waya. Na ce sannu ba ta hana zuwa. Ya ce ya san wannan, Umma na faɗa, kuma ƙarshenta "sai dai a daɗe ba a je ba". Ban san ya san ƙarshen ba. Kilomita 49, komai a jiƙe ban da kaftanin, da na sa a leda biyu.

Laraba, 16 ga Yuli, Krems

Gari ya waye tas. Gidan rahiban Melk a kan dutse yake zaune bisa garin, fenti ruwan ƙwai, faɗinsa kamar unguwa. Tun 1089 rahiban ɗariƙar Benedict ke wurin ba yankewa, ginin da ake gani yanzu kuma an yi shi tsakanin 1702 da 1736. Zinaren cikin majami'ar ya yi mini yawa, ido ba ya samun wurin hutawa. Ɗakin karatun ne ya kama ni: littattafai wajen 100,000 gidan ya mallaka, daga ciki wajen 1,800 rubutun hannu ne. Na tuna akwatin littattafan kakana, masu bangon fata, da gara ta cinye rabi a zaure. Har yau akwai makarantar sakandare a cikin gidan.

Daga Melk zuwa Krems shi ne kwarin Wachau, kilomita wajen 36, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. A nan ne kogin ke gudu da ƙafarsa, ba madatsa. An so gina ɗaya a shekarun 1970, mutanen kwarin suka ƙi, suka kuma yi nasara. Ana jin bambancin har a kunne, ruwan na da sauti. Tuddan gefen arewa duk an yanka su hawa-hawa, kowane hawa an tokare shi da katangar duwatsu da aka jera ba siminti, a kai kuma inabi. Aikin hannu ne na ɗaruruwan shekaru, dutsen na shan zafin rana ya mayar wa shukar da dare. Inabin giya ake yi da shi, wannan ba ruwanmu. Namu shi ne Marille.

Ɗan itace ne da bai kai lemon zaƙi girma ba, launin goro-goro, fatarsa da laushi kamar karan-miski, ƙwallo ɗaya a ciki. Yanzu ne kakarsa, makonni kaɗan yake yi ya wuce. Kafin Spitz muka ga tebur a ƙofar wata gona, kwanduna jere, farashi a rubuce, da ɗan akwatin ƙarfe na jefa kuɗi. Ba kowa. Na leƙa hagu na leƙa dama, na yi sallama har sau biyu. Abba ya jefa kuɗin ya ɗauki kwando. Muka zauna a kan katanga muka cinye kilo guda, ruwan na bin gwiwar hannu. Likitana bai ji wannan ba.

A Willendorf aka tono wani ɗan mutum-mutumin mace na dutse a 1908, lokacin aikin layin dogo. Tsawonsa santimita 11, shekarunsa kusan 30,000. Na ainihin yana gidan tarihi a Biyana, a ƙauyen ƙaton kwafinsa aka kafa. Muka wuce da sauri, ni da ɗan fari ba ma tsayawa kallon wannan tare.

Dürnstein ne ya cinye mana la'asar. Ƙaramin gari ne mai titi ɗaya, da hasumiyar coci shuɗiya a bakin ruwa, da kangon fada can bisa dutse. A wannan kangon aka tsare Sarkin Ingila Richard, mai laƙabin zuciyar zaki, wanda ya gwabza da Salahuddin Ayyubi a yaƙin Salibiyya na uku. A Akka, a 1191, ya wulaƙanta tutar Leopold na biyar, mai mulkin Ostiriya. Da ya yi sulhu da Salahuddin ya kamo hanyar gida, jirginsa ya lalace, ya biyo ta ƙasa a ɓoye, aka gane shi kusa da Biyana a watan Disamban 1192. Leopold ya ajiye shi a nan, daga baya ya miƙa shi ga sarkin sarakunan Jamus, Henry na shida. Ba a sake shi ba sai Fabrairun 1194, bayan Ingila ta tatso azurfa sama da tan 20. Da kason Leopold aka gyara ganuwar Biyana, aka kafa sabon gari, Wiener Neustadt. Fafaroma ya kori Leopold daga coci saboda abin.

Muna zaune a saman kangon ina haki, Abba ya ce, "Baba, wannan ai garkuwa da mutane ne." Na ce ina ka san wannan kalma? Ya ce kullum yana ji a rediyon da nake kunnawa da safe, da wayoyin da nake yi da gida in na rufe ƙofa. Shekara nawa ina ɗauka ba ya ji. Ya tambayi ko shi ya sa ba mu je gida ba tun yana ɗan shekara 13. Na ce har da shi, har da kuɗin jirgin mutum biyar. Ya ce yana so ya je shi kaɗai a hutun baɗi, ya sauka wurin Gwaggo. Na ce za mu duba. Ya ce ya san ma'anar "za mu duba". Kilomita 40.

Alhamis, 17 ga Yuli, Tulln

Muna fita Krems lambar bakin kogi ta faɗo ƙasa da 2,000. Kwarin ya buɗe, tuddai suka ja baya, hanya ta koma kan ganuwa, miƙaƙƙiya har ta gundure ni. Iskar da aka yi mana alkawari ta baya yau ta gaba ta zo.

A Zwentendorf hanya ta bi ta gindin wani ƙaton gini mai toka-toka da dogon bututu. Tashar wutar nukiliya ce da aka gama ginawa tsaf, ba ta taɓa ba da wuta ko ta ƙwai ɗaya ba. Ranar 5 ga Nuwamba, 1978 aka yi ƙuri'ar raba gardama, kashi 50.47 cikin ɗari suka ce ba sa so, aka rufe. Yanzu horar da ma'aikata ake yi a ciki, an kuma jera faifan sola a harabar. Na so in yi dariya, na tuna kamfanin ƙarfenmu na Ajaokuta, na haɗiye. Su dai an tambaye su.

Tulln garin furanni ne, amma a nan ne a Satumban 1683 rundunar Sarkin Poland, Jan Sobieski, ta ƙetare kogi ta haɗu da sauran dakarun da suka zo ceton Biyana daga ƙawanyar Daular Usmaniyya. Sai da na yi wa Abba bayanin cewa ta Turkiyya ake nufi, ba ta Shehu ba. Ranar 12 ga watan suka gangaro daga tudun Kahlenberg, aka karya rundunar Kara Mustafa, wanda Sarkin Istanbul ya sa aka kashe a Belgrade kafin shekarar ta fita. Gobe za mu wuce ta gaban tudun. Ostiriyar nan ce kuma ta amince da Musulunci a dokarta tun 1912, bayan ta haɗe Bosniya.

Lissafin gobe: kilomita 45 muka yi yau, saura ƙasa da 40. Za mu ƙetare a madatsar Greifenstein, mu bi ta Korneuburg, mu hau tsibirin da aka yi wa Biyana don maganin ambaliya, mai tsawon kilomita 21. Masallacin da za mu yi Juma'a na gefensa, a gundumar Floridsdorf. An buɗe shi a 1979, Sarki Faisal na Saudiyya ya ba da kuɗin fara ginin, hasumiyarsa mita 32, an ce daga kan keke ake hango ta. In lokaci ya ragu ina so in nuna wa Abba hedikwatar OPEC, ƙungiyar ƙasashe masu fitar da man fetur, inda Rilwanu Lukman, mutumin Zariya, da Muhammad Barkindo na Yola suka riƙe kujerar babban sakatare. Shi kuma tun ɗazu yake nuna mini taswira, wai Bratislava ba ta kai kilomita 70 daga Biyana ba, kuma hutuna sai Litinin zai ƙare. Ummansa ba ta san da wannan ba tukuna. Gwiwata ta hagu ma ba a yi shawara da ita ba.

Na zazzage jaka na ciro kaftanin. Ba su jiƙe ba, amma sun yamutse kamar an tauna. Na ce bari in sauka in tambayi mai masauki ko tana da dutsen guga. Abba ya ce in zauna, shi zai je. Ya kai bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Baba, yaya ake cewa da Hausa?" Na ce dutsen guga. Ya maimaita sau biyu, ya rubuta, sannan ya ɗauki hular da na kawo masa ya gwada a madubin bayan ƙofa. Ta yi masa kaɗan. Da awon kansa na shekara uku da suka wuce na sa aka aiko da ita. Ya bar ta a ƙeya haka nan ya sauka.

Ƙarfe shida za mu tashi, in Allah ya kai mu. Tayar baya na riƙe da iska.